Hannun jarin Boeing ba ya biyan riba kowace safiya

Aikina karɓar ajiya da ba da bashi ne a wani asusun ajiya a Dogondutsi. Daga kan teburin nan nake ganin yadda kuɗin Arewa ke shiga da fita: na wake bayan kaka, na ragunan Layya, da abin da 'yan cin rani ke turowa daga Kwatano da Legas. A 'yan kwanakin nan wata sabuwar hanyar fitar kuɗi ta bayyana. Saurayi zai zo daga Matankari ko Gesheme ya kwashe ajiyarsa kaf, in na tambaye shi lafiya, sai ya miƙo mini salula. A cikinta akwai wata manhaja mai hoton jirgin sama da tambarin Boeing ko Airbus, an rubuta cewa in ka zuba jikka hamsin za a riƙa ba ka riba kullum, in ka kawo wani kuma a ƙara maka kaso.

'Yan uwa, wannan ba hannun jari ba ne, damfara ce.

Hannun jari ɗan yanki ne na mallakar kamfani. Hanya biyu ake samun kuɗi da shi: ko kamfanin ya raba riba, galibi sau ɗaya a shekara ko duk wata uku, ko farashi ya tashi ka sayar. Boeing kuwa ya dakatar da rabon riba tun watan Maris na 2020. Daga 2019 zuwa 2024 kowace shekara asara ya rubuta, ta 2024 kaɗai ta kusan dalar Amurka biliyan 12. To kamfanin da ya hana manyan masu jarinsa na Amurka ko sisi, ta ina zai riƙa turo wa ɗan Tibiri riba kowace safiya? A manhajar nan, kuɗin wanda ya shiga yau ake ba wanda ya shiga jiya, ranar da sababbi suka ƙare sai manhajar ta daina buɗewa. Maƙwabtanmu na Najeriya sun sha wannan da MMM a 2016, suka sake sha da CBEX a 2025.

Ko da na gaskiyar mutum ya saya, ya kamata ya san dokin da ya hau. A farkon Maris na 2019 hannun jarin Boeing ɗaya ya haura dalar Amurka 400. Kafin nan jirgin Lion Air ƙirar Boeing 737 MAX ya faɗi a Indunusiya a Oktoban 2018, sai na Ethiopian Airlines ya bi a ranar 10 ga Maris 2019, mutum 346 suka rasu a haɗurran biyu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Aka hana irin jirgin tashi a duniya, a Amurka har tsawon wata 20. Korona ta zo ta tsayar da tafiye-tafiye, a Maris na 2020 farashin ya faɗo ƙasa da dalar Amurka 100. Wanda ya saya a sama, cikin shekara guda ya rasa fiye da kashi uku cikin huɗu na kuɗinsa, ba tare da kowa ya cuce shi ba. Attajiri mai jari a kamfanoni ashirin zai iya jira. Magidancin da ya sa kuɗin takin damina ba zai iya ba.

Akwai kuma maganar doka. Ana cinikin Boeing a kasuwar New York, Airbus a Paris da wasu kasuwannin Turai. Kasuwarmu ta ƙasashen sefa takwas ita ce BRVM da ke Abijan, kuma babu kamfanin ƙera jirgi ko ɗaya a cikinta. Abin da ke ciki irin su Sonatel ne da bankuna, har da BOA Niger. Ba a saye sai ta hannun dillali mai lasisi, wanda ake kira SGI, ƙarƙashin hukumar AMF-UMOA, kuma akwai SGI Niger a Yamai. Za su nemi takardar shaidarka, su buɗe maka asusu da sunanka, ka sa hannu. Fitar da kuɗi waje don zuba jari kuwa yana da ƙa'idojin canji, ba abin da ake gamawa a WhatsApp ba ne. Mai son sanin halascin wani kamfani a addini ya tuntuɓi malami tun kafin ya biya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mata. Kuɗin da ake tarawa mako-mako a ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, wani ɗa ko ƙane ya lallaɓa a ba shi ya "juya". In ya nutse, uwa ce ke shan kunya a gaban 'yan ƙungiya, ta sayar da akuya ta biya.

Duk wanda aka ce ya tura kuɗin hannun jari zuwa lambar wani mutum, kada ya tura. Ya nemi sunan SGI ɗin da lambar lasisinsa, ya zo kowane banki ko asusun ajiya a Dogondutsi ko Tibiri a duba masa tukuna, tambaya ba a biyan ko dala.