Maƙwaƙwafi da Dazuzzukan Gado a Kudancin Amurka

A kudu maso gabashin Amurka akwai wani ɗan maƙwaƙwafi mai farin kumatu wanda ya sha bamban da 'yan'uwansa. Sauran maƙwaƙwafai sukan haƙa gidajensu a matattun itatuwa, shi kuwa sai a ɗanyen itacen fayin, musamman mai dogon ganye, wanda galibi ya haura shekara 80, bayan wata irin funfuna ta tausasa cikinsa. Haƙa kogo ɗaya kan ɗauke shi shekaru. Idan ya gama, sai ya huda ƙananan ramuka kewaye da ƙofar, ƙaro ya riƙa tsatsowa, maciji ya kasa hawowa. Kurege da ƙudan zuma da wasu tsuntsaye kan gaji kogunan da ya bari.

Dajin wannan itace ya taɓa mamaye kusan eka miliyan 90, amma zuwa shekarun 1990 abin da ya rage bai wuce eka miliyan 3 ba. Sara ya cinye shi, hana gobara kuma ya ƙarasa shi, domin daji ne da ke bukatar wuta ta ratsa shi duk bayan 'yan shekaru ta share ƙananan itatuwa. A 1970 aka sa tsuntsun cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa.

Abin lura a nan shi ne, kaso mafi tsoka na dazuzzukan yankin gadon iyalai ne, ba na gwamnati ba. Dokar 1973 ta haramta lalata mazaunin irin wannan tsuntsu, saboda haka duk magidancin da maƙwaƙwafi ya sauka a dajinsa ba shi da ikon sare itatuwan wurin ya sayar. To, wa zai so irin wannan baƙo? Binciken da Dean Lueck da Jeffrey Michael suka buga a 2003 ya nuna cewa a jihar Karolina ta Arewa, masu dajin da ke kusa da mazaunin tsuntsun sukan gaggauta sare itatuwansu tun ba su tsufa ba. A ganina, dokar da ta mai da tsuntsu asara ga mai ƙasa ita ta jawo wannan.

A 1995 aka ɓullo da wata yarjejeniya a yankin Sandhills na jihar. Da farko ana ƙidaya garken tsuntsayen da ke dajin mutum. Shi zai yi alkawarin cinna wuta bisa tsari da barin tsofaffin itatuwa, hukuma kuma ta lamunce masa cewa duk tsuntsun da ya ƙaru a kan wancan adadi ba zai ɗaure masa hannu ba. Daga baya wasu jihohi suka ɗauki tsarin.

A 2024 hukumar kula da namun daji ta sassauta matsayin tsuntsun zuwa wanda ke fuskantar barazana kawai. Sai dai a faɗi gaskiya, yawancin ƙaruwar ta samu ne a dazuzzukan gwamnati da filayen atisayen soja, inda aka riƙa dasa masa kogunan da aka sassaƙa da hannu. Dazuzzukan iyalai su ne suka haɗa waɗannan wurare, ta yadda matasan tsuntsaye ke iya ƙaura daga garke zuwa garke.