Bindiga a Makaranta?

Mai sauraronmu daga Obi ta jihar Nasarawa ya tambaya ko ya kamata a bar ɗalibai su riƙe bindiga, tunda satar ɗalibai ta yawaita.

To, Malam, mun fahimci fargabarka. Wanda ya ga satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara a 2020 dole gabansa ya faɗi. Amma dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe bindiga ba lasisi. Ka dubi ɗakin kwanan ɗalibai a Lafiya: samari shida, katifa a ƙasa, faɗa kan cajar waya, ga 'yan ƙungiyar asiri. A ƙara musu bindiga? A'a. A katange makarantu, a girke 'yan sanda da Sibil Difens a ƙofa.