Aya Mai Wuya: Ko Za Ka Ƙi Mahaifinka?

Ya kai mai karatu, sabon mai bi a ƙasar Kunci, wataƙila ka buɗe Luka 14:26, ka iske zancen ƙin uba da uwa, gabanka ya faɗi. Ga mahaifinka bai ba da gaskiya ba tukuna, gandu ɗaya kuwa kuke nomawa. Wani ɗan'uwa ya ce maka masu fassara ne suka yi kuskure, wani kuma ya ce ka bar gidan yau. Kada ka yi gaggawar bin ko ɗayansu.

Ka sani da Helenanci Luka ya rubuta. An buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, bayan wahalar Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Sabuwar fassara kuma ta fito a 1979. Masu fassara mutane ne, suna iya tuntuɓe, shi ya sa ake sake duba aikinsu. Amma a wannan aya ba su ƙaga kome ba, gama kalmar Helenancin ƙi take nufi. Gardamarsu ita ce: a sa kalmar yadda take, ko a sa nufinta?

To, mene ne nufinta? Aya mai haske ita ke buɗe mai duhu. Duba Farawa 29:30-31. A Ibrananci an ce Lai'atu abar ƙi ce, alhali abin da aka faɗa a gaba kaɗan shi ne Yakubu ya fi son Rahila. Haka Ibraniyawa sukan yi magana sa'ad da suke fifita wani a kan wani. Matiyu 10:37 ya kawo wannan koyarwa a sarari: kada ƙaunar iyaye ta fi ƙaunar Ubangiji. A Markus 7:9-13 kuwa, Yesu ya tsauta wa masu hana iyaye taimako da sunan baiko ga Allah. Wanda ya danƙa uwatasa a hannun almajirinsa yana bisa gicciye, ƙaƙa zai koya maka ƙin taka?

Saboda haka ka sammaka gona gobe tare da mahaifinka, ka durƙusa ka gaishe shi kamar dā, har ma fiye. Ran da ya ce ka yi musun Ubangijinka, ko ka yi wa iskoki yanka, ran nan ne ayar ta zo ƙofarka. Ka ce a'a da ladabi, ba da ɗaga murya ba, sa'an nan ka ɗauki fartanyarka ka ƙarasa masa kunyarsa.