Makokin da Ba Shi da Kabari

Karatu: 1 Sama'ila 15:10 zuwa 16:13

Makokin mamaci yana da iyaka. Isra'ilawa sun yi kukan Musa kwana 30 a filayen Mowab, sa'an nan suka yi shirin haye Urdun. Maƙwabtanmu Musulmi su kan yi sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, matar mamaci kuwa ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta fita. Amma akwai wani makoki wanda ba shi da kabari, ba mai zuwa gaisuwa, ba kuwa ranar tashi. Shi ne makokin abin da ya ƙare alhali mutumin yana da rai: auren da ya mutu, ɗan da ya bar hanyar Ubangiji, shugaban da muka amince da shi ya fāɗi.

Irin wannan ne ya sami annabi Sama'ila. Shi da hannunsa ya zuba wa Shawulu mai, ya tsai da shi gaban jama'a. Sa'ad da Shawulu ya ƙi yin biyayya cikin yaƙin Amalekawa, Allah kuwa ya ƙi shi, Sama'ila ya kwana yana kuka ga Ubangiji. Da safe ya tafi ya faɗa masa gaskiya a Gilgal, ya koma gidansa a Rama, bai ƙara zuwa ganinsa ba. Ƙafarsa ta rabu da Shawulu, zuciyarsa ba ta rabu ba.

Mu lura, Allah bai tsauta masa domin ya yi baƙin ciki ba. Abin da ya tambaye shi shi ne, har yaushe? Sa'an nan ya ba shi aiki: ya cika ƙahonsa da mai, ya tafi Baitalami gidan Yesse. Sama'ila ya ji tsoro kada Shawulu ya ji labari ya kashe shi, duk da haka ya ɗauki karsana ta hadaya ya kama hanya. Bai jira sai zuciyarsa ta yi sanyi tukuna ba.

Ga wurin da ya kamata mu tsaya. Da Sama'ila ya ga Eliyab, babban ɗan Yesse, dogo kyakkyawa, nan da nan ya ce a ransa wannan ne. Me ya sa? Shawulu ya fi dukan jama'a tsawo, daga kafaɗa zuwa sama. A ganinmu tsohon yana neman Shawulu ne a fuskar wani. 'Ya'ya 7 suka wuce a gabansa, ba ko ɗaya da aka zaɓa, sai da aka aika jeji aka kirawo autan, Dawuda, daga wurin tumaki.

'Yan'uwa, mu ma mu kan yi haka. Akwai ekklesiyoyin da pastonsu ya tashi shekaru da yawa, har yanzu kowane sabo da mudun na dā a ke auna shi. In ya yi wa'azi a ce ba haka wancan ya kan yi ba, in ya kai ziyara a ce bai daɗe ba. Bawan Allah ya gaji ya nemi canji, su kuwa su ce ba su yi sa'a ba. Dattawan irin wannan ekklesiya su zauna rana ɗaya, su ambaci alherin wancan da sunansa, su gode wa Allah, in da laifi a faɗa a gafarta, a rufe da addu'a. Kashegari su tafi gaishe da wanda ke tare da su.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, za mu duba Dawuda ranar da jaririnsa ya mutu, cikin 2 Sama'ila sura 12.