Yadda Ake Daidaita Kabureta

'Yan'uwana ɗalibai, tsohuwar a-kori-kura irin Peugeot 404 ba ta da kwamfuta, kabureta ce ke gauraya mata fetur da iska. In fetur ya yi yawa, sai salansa ta riƙa fid da baƙin hayaƙi, mai kuwa ya ƙare da sauri.

To, da fari ka share matacin iska. Ka ta da inji a fili, gama hayaƙinsa yana kisa cikin rufaffen ɗaki. In ya yi zafi, ka ɗaura sukurun gauraya kaɗan kaɗan har injin ya soma shaƙewa, sa'an nan ka kwance shi sannu har ƙara ta daidaita. Kada ka matse shi, bakinsa tsini ne. Ni kaina na taɓa lalata ɗaya, na sha faɗa wurin direba.