Duwatsun Kutus da ungulayen da suka rage

Tsuntsun da ya fi saurin ƙarewa a duniya shi ne na tsibiri, domin in aka matsa masa ba shi da inda zai ƙaura. A tsibirin Morishiyos da ke tekun Indiya an yi wani ƙaton tsuntsu da ba ya tashi, wanda Turawa suka sa wa suna dodo. Jiragen ruwan Holan sun sauka can a 1598, daga baya aladu da ɓeraye suka bazu suna cinye ƙwansa a ƙasa, kafin shekara 100 ko ɗaya bai saura ba. A wannan tsibirin dai wani ƙaramin shaho ya rage guda 4 kacal a 1974. Aka tsaya aka yi gadin sheƙarsa, yau ana ƙirga shi da ɗaruruwa.

Mu a Damagaram ba mu da teku, amma aikin gandun daji ya nuna mini muna da namu tsibiran. Tafkin Lasuri da na Gidimuni, waɗanda suka shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2005 da 2019, su ne matattarar kirinjijiya da ɗinya da baƙin agwagin Turai in rani ya yi. Duwatsun Kutus da ke arewa da Gure, da na Tarmit can cikin hamada, su ne gidan manyan ungulaye. Maganata a yau kan ungulayen dutsen ce, don su ne bakin ramin ya fi kusa da su.

In ka tsaya gindin wani gangaren Kutus da sanyin safiya ka ɗaga kai, abin da za ka fara gani farin kashin tsuntsu ne ya zubo a jikin dutse kamar an watsa farar ƙasa. Bi shi da madubin hangen nesa zuwa sama, sai ka tarar da sheƙar ƙirare a wani ɗan lungu, babbar ungulun nan da tsofaffi ke kira maiki tana kwance, wuyanta a miƙe tana kallonka. Ƙwai ɗaya tak ne a ƙarƙashinta. Za ta yi kwanci kusan kwana 55, ɗan ya yi kamar wata 5 kafin ya tashi, sannan ya shekara 5 ko 6 kafin shi ma ya yi sheƙa. Zabuwa kan zuba ƙwai fiye da goma a damina guda. Saboda haka duk wanda ya ɗaura igiya ya sauka ya ɗauke ƙwan nan, ya share haihuwar shekara ɗungurungum. Na taɓa tarar da irin igiyar a rataye, sheƙar kuma wayam. Irin wannan tsuntsuwar ce fa jirgin sama ya yi karo da ita a saman Abijan a 1973, a tsayin mita 11,300.

Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙirga tsuntsaye masu cin nama a bakin hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004. Manyan ungulaye sun ragu da kashi 98 cikin 100 a wajen gandun da ake tsaro. A 2015 aka sa maiki da ungulun gari a sahun waɗanda ke dab da ƙarewa. Ba sai an kai mu ga takarda ba ma. Tambayi duk wani tsohon mahauci a unguwar Zango ko ta Birni yadda ungulu ke cika katangar mahauta a da, ka tambaye shi yaushe rabonsa da ganinta.

Fari da ƙarancin namun daji sun taimaka, haka ma gubar da ake zuba wa mushe don kashe dila da karnuka. Amma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne cinikin kai da ƙafa da ƙwan ungulu don haɗa magani. A 2013 masu bincike a ƙasar Girka suka ɗaura wa wata farar ungulu na'urar bin sawu, suka sa mata suna Paschalis. Ta ƙetare teku da Sahara lafiya, ta sauka a jaharmu. A farkon 2014 mafarauci ya harbe ta, aka bi da ita hanyar kasuwannin Najeriya. A rumfar wani mai magani na ga kan ungulu a bushe, an naɗe shi da tsumma an ɗaure da zare. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya ce, "Yaro, da can kyauta ake tsintarsa, yanzu sai an yi oda." Bai ɓoye mini komai ba, kuma na fahimci shi ma ya ga ƙarshen abin yana zuwa. Irinsa muke nema mu zauna da su, don su ne suka san itatuwan da za su maye gurbi, kuma maganarsu ce mai neman magani ke ji.

Mun riga mun ga yadda irin wannan ke ƙarewa. Zamanin Sarki Tanimun, gashin jimina na cikin kayan da ayari ke ɗauka daga Damagaram zuwa Tarabulus. Daga baya jiminarmu mai jan wuya ta ɓace daga dajin Nijar, sai aka koma kiwon 'yan kaɗan cikin shinge a wurare irin su Kelle da fatan wata rana a sake su.

Wani zai ce to me aka rasa in ƙazamar tsuntsuwa ta tafi? Garken ungulu na share mushen saniya cikin ɗan lokaci, kuma cikinta na kashe ƙwayoyin cuta masu yawa, har da na ciwon saifa da makiyaya ke tsoro. A Indiya, maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na ungulayensu daga shekarun 1990. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan banza suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 1998 tana nan, amma ma'aikaci ɗaya a kan babur ba zai tsare Kutus ba. Makiyayin da ke kwana a gindin dutsen shi ne ke ganin baƙon da ya zo da igiya ko bindiga. Roƙona gare shi ya sanar da mai gari ko ofishin gandun daji mafi kusa tun baƙon bai hau ba. Wanda dila ya dama, don Allah kada ya sa guba a mushe, ya zo mu nemi wata dabara tare. Dabbar da ta mutu bayan an yi mata allura a binne ta da zurfi. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa ko na'ura a baya, ya kawo mana abin ko ya karanto mana lambar da ke jiki, don da ita ake sanin daga inda ya taso da inda ya faɗi.