Hattara Dai Masu Zuwa Biranen Bakin Teku

Ga dogon hutu ya gabato, na kuwa san da yawa daga cikinmu, musamman mu 'yan cikin birni, za su bi iyayensu ko yayyensu zuwa kudu. Wani zai raka babansa saro kaya a Ikko, wani za a aike shi gaida gwaggonsa a Ankara, wani kuma ganin teku ne kawai ya dame shi, tun da duk ruwan da ya taɓa gani bai wuce na Tiga ba. Saboda haka na ga ya kamata in tattaro abin da na ji daga bakin manyan 'yan kasuwar unguwarmu game da 'yan damfarar da ke dakon baƙi a waɗannan garuruwa.

Da farko bari mu san wuraren. Ikko ita ce babban birnin Nijeriya har zuwa ranar 12 ga Disamba, 1991, lokacin da gwamnati ta koma Abuja, amma har yau ita ce uwar kasuwanni. In ka bar ta ka bi gaɓar teku ka yi yamma, sai Kwatano, gari mafi girma a ƙasar Benin, sai Lome babban birnin Togo, sa'an nan Ankara babban birnin Gana. Kada ɗan aji ɗaya ya ruɗe, ba Ankara ta ƙasar Turkiyya ake nufi ba, haka Hausawa suke kiran Accra tun zamanin kakanni.

Ai zuwa waɗannan wurare ba baƙon abu ba ne ga Bakano. Tun kafin zuwan Turawa fatakenmu suke bin ayari zuwa Gwanja sayen goro, madugu yana gaba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai hanyar Ikko ta buɗe. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da fataucin goro tsakanin ƙasar Gana da Kano ya fara. To, ina dalilin da ya sa mutanen da ba su jin harshen garin, ga su ɗauke da dukiya, suke zuwa su komo lafiya? Dalilin shi ne ba su sauka ko'ina sai a hannun fatoma, watau mai masauki. Shi zai ba ka ɗaki, ya ajiye maka kaya da kuɗi, ya haɗa ka da dillalin da ya sani, in aka ci bashi ya tsaya maka. Yana samun la'adarsa, amma babban jarinsa shi ne sunansa, gama in ya cuci mutum ɗaya, kafin kaka ta zagayo labari ya kai Kurmi, ba mai ƙara sauka a gidansa. Fatoma yana sa ran ganinka baɗi. Ɗan damfara kuwa sau ɗaya yake bukatar ganinka. Wannan tsari yana nan har gobe a unguwannin Hausawa, kamar Agege da Idi-Araba a Ikko, da Zango a Kwatano da Lome, da Nima da Sabon Zango a Ankara. Duk dabarun da zan ambata, in ka duba, aikinsu ɗaya ne: su raba ka da mai masaukinka na ɗan lokaci.

Haɗarin farko yana tashar da aka sauke ka. Ka kwana a mota, ka gaji, ga hayaniya, ba ka jin abin da ake faɗi. Sai ka ji an ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa, daga Kano?" Nan da nan zuciyarka za ta yi sanyi. Zai tambaye ka unguwarku, in ka ce Yakasai ya ce ai a nan kakarsa take. Zai tambaye ka wurin wa ka zo, in ka faɗi suna ya ce, "Haba, Alhaji? Ai shi ya turo ni in taho da kai." Ka lura fa, ba abin da ya sani game da kai sai abin da ya fito daga bakinka, ya juya shi ya maido maka. Daga nan sai ya karɓi jakarka don girmamawa, ya shiga cunkoso, shi ke nan. Jin Hausa ba shaida ba ce, mutane da yawa a can suna jinta kamar ni da kai, wasu ma Hausawan ne. Maganinsa mai sauƙi ne. Kai za ka yi tambaya: wa ya aiko ka, kuma ni yaya sunana? Wanda aka aiko da gaske ya san amsa, kuma ba zai ji haushi ba in ka buga wa mai masauki waya a gabansa. An ce matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai an zaɓi wanda za a tambaya. Mai shago ko mai shayi da ke zaune a wurinsa, wanda gobe ma a nan za a same shi, ya fi mai tsayuwa a bakin ƙofar mota yana neman wanda zai taimaka wa.

Sai maganar motar haya. A Ikko akwai abin da suke kira wan-cans, watau saura gurbin mutum ɗaya. Mota ce za ta tsaya a bakin titi, ko danfo mai ruwan ɗorawa ko ƙaramar mota, ga fasinjoji har da mace a ciki don hankalinka ya kwanta, alhali duk bakinsu ɗaya da direba. Wani lokaci fashi ne tsagwaronsa: a ƙwace waya da katin banki, a tilasta maka faɗin lambar sirri, a yar da kai a wani lungu. Shi ya sa manya ke cewa a shiga mota a cikin tasha, ko a bi dogayen motocin BRT da suka fara aiki a 2008, musamman da asuba da bayan magariba.

Amma wadda ta fi ban mamaki ita ce wadda ba a zare makami. Ana cikin tafiya sai direba ya taka birki, ya juyo a fusace ya ce wa wani fasinja, wane irin kaya ne ka sa mini a bayan mota, na ga daloli cike da kwali, ofishin 'yan sanda za mu. Sai mai kwalin ya fashe da kuka, ya ce na maigidansa ne da ya daɗe yana zaluntarsa, a rufa masa asiri zai raba da kowa. Sai matar nan ta sa baki tana ba direba haƙuri, na kusa da kai ya zungure ka ya ce arziki ya zo. In ka amince, sai a ce ai maigidan ya ɗaure kuɗin da asiri, dole a je wurin boka ya karya, ko kuwa a nuna maka takardu baƙaƙe a ce kuɗi ne aka rina, sai an sayi wani ruwan magani mai tsada za su wanku. Kowa zai kawo rabonsa na kuɗin aikin, su su zuba na ƙarya, kai ka zuba na gaske. Sa'an nan a sa ka rantse cewa in ka gaya wa wani za ka haukace. Dubi wayon da ke ciki. Sun mai da kai abokin sata tun kafin su cuce ka, don haka kunya da tsoro ba za su bar ka ka kai ƙara ba, har wani yakan koma gida ya ɗebo kuɗin babansa ya ƙara musu. A ganina wannan rantsuwa ita ce ainihin tarkon. Duk harkar da aka ce kada mai masaukinka ya ji, to ta lalace tun daga nan. Masu irin wannan wasa mai kwaɗayi suke nema, saboda haka da zarar an fara zancen kwali, ka ce a sauke ka, ka ɗaga murya inda mutane za su ji. Haka nan in wani ya tsinci damin kuɗi a gabanka ya ce ku zagaya ku raba, ƙanwar waccan ce, wuce abinka.

Irin wannan cuta ce ake kira 419, sunan ya samo asali ne daga sashe na 419 na dokar manyan laifuffuka, wanda ya yi magana a kan karɓar dukiyar mutum ta hanyar yaudara. Hukumar EFCC da ta fara aiki a 2003 tana farautar masu yi, sai dai abin da ya riga ya shiga hannunsu da wuya ya dawo.

Wanda zai wuce Ikko zuwa Ankara ta mota zai ƙetare iyaka uku: Seme, da Hilakonji tsakanin Benin da Togo, da Aflawo. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko a 1975, kuma bisa yarjejeniyar 1979 ɗan ƙasashen ƙungiyar yana iya shiga ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Abin da ake nema shi ne fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin shaidar allurar shawara. A yi allurar nan tun daga Kano a karɓi katin gaske, gama a bakin iyaka akwai masu sayar da na jabu. Akwai kuma 'yan kamasho da za su ce ka kawo fasfo su buga maka hatimi da sauri. Kada fasfonka ya bar hannunka sai ga ma'aikaci a cikin ofis, in ya maido kuma ka duba hatimin da kwanan watan, domin wanda ba shi da hatimin shiga zai sha wuya ranar fita.

Canjin kuɗi kuwa sai an natsu, don kuɗi uku za ka riƙe: naira, da sefa wadda Benin da Togo suke amfani da ita tare, da sidi na Gana. Gara mutum ya je Wapa a Fagge ya ji farashi, ya canji na guzuri tun kafin ya tashi. Ga abu biyu da ke rikita Bakano ko ba a yi niyyar cutarsa ba. Hausawan Nijar, waɗanda suke da yawa a kasuwannin Kwatano da Lome, da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, ba dalar Amurka ba. In an ce maka dala ɗari, sefa 500 ke nan, jaka ɗaya kuma sefa 1,000. A Gana kuwa an sake kuɗi a 2007, sidi 10,000 na da ya koma sidi 1, amma akan sami dattawan da ke lissafi da tsohon, su ce miliyan ɗaya suna nufin sidi 100. Sai a rubuta adadin a takarda kowa ya gani. Macucin ɗan canji kuma ga yadda yake yi: zai ba ka kuɗi da gangan ba su cika ba, ka ƙirga ka ce da saura, ya karɓa ya ƙirga a gabanka, ya cika, ya ba ka haƙuri, amma a wajen miƙowa ya zare na ƙasa da ɗan yatsa. Kai kuwa tun da ka ga an ƙirga sai ka sa aljihu. Hannunka ne ya kamata ya yi ƙirgan ƙarshe, kuma kada ka ba da naka sai ka gama.

Mu samari abin da ya fi jan mu shi ne waya. A gefen kasuwar wayoyi ta Ikeja, ko dandalin Kwame Nkrumah a Ankara, wani zai raɓo ka ya nuna maka waya mai kyau a rabin kuɗinta, yana waige-waige. Ka gwada, tana aiki. Sai ya karɓa ya ce ɓoye, ga 'yan sanda, ya miƙo maka a naɗe. Sai ka isa masauki ka tarar da fanko cike da sabulu. Ko da ma ta gaske ce, mai yiwuwa ta sata ce, a wurinka za a kama ta. A saya a cikin shago, a karɓi rasit. Mai kai kaya sayarwa kuma kada ya saki kaya don an nuna masa saƙon banki a waya, sai ya duba asusunsa da kansa, saboda alat na bogi ya yi yawa.

Kada a ce na ɓata mutanen bakin teku. Mafi yawansu neman halalinsu suke yi, 'yan damfara kuwa muna da namu a Kano. Kuma tsauwala farashi daban, damfara daban. Mu ma in baƙo ya shigo Kurmi zai sayi jakar fata, ko ya je karofin Ƙofar Mata, ai ba kuɗin da za a gaya wa ɗan gari ake fara gaya masa ba. Wannan ciniki ne, a taya a yi albarka har a daidaita. Haka za a yi maka a Balogun ko Makola, maganinsa kuwa ka tafi da yaron mai masauki wanda ya san farashi.

Iyayenmu, ku ma da naku aikin. Kafin yaro ya tashi a sanar da wanda zai tarbe shi, a faɗi motar da ya shiga. A rubuta masa lambar mai masauki da sunan unguwa a takarda ya sa a aljihun ciki, don in waya ta tafi da lambobin take tafiya. A raba masa kuɗi gida biyu ko uku. A kuma gaya masa tun a gida cewa in wani abu ya faru ya faɗa nan take ba za a doke shi ba, gama in an sanar da banki da wuri ana iya rufe asusu kafin a kwashe, mai masauki kuma ya raka shi wurin 'yan sanda ko Sarkin Hausawa. In kuwa aka bugo muku da lambar ɗanku aka ce mota ta kaɗe shi yana asibiti, a turo kuɗi yanzu-yanzu, ku daure ku kashe wayar ku kira mai masauki tukuna, domin ɓarayin waya sukan duba sunan Baba ko Umma a ciki su buga.